Waiwaye: Yadda Flying Scotsman ya tsallake siraɗin masu yanka ƙarfe

A farkon shekarar 1963 hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta ajiye kan jirgin nan mai tururi da aka fi sani da Flying Scotsman, bayan ya ci tafiyar fiye da mil miliyan 2. Lokacin an koma ga injuna masu shan dizal, ana ta yanka tsofaffin masu cin kwal ana sayarwa a matsayin ƙarfe. Shi ma can aka nufa da shi, domin sunansa ba ya cikin jerin waɗanda gwamnati ta ware don adanawa.

An ƙera shi a 1923 a masana'antar Doncaster, bisa zanen injiniya Nigel Gresley na kamfanin jiragen ƙasa na LNER. Shekara guda bayan haka aka baje shi a bikin baje kolin daular Birtaniya a Wembley, inda Najeriya ma take da rumfarta. Amma a kan layin dogo ya yi suna. Ranar 1 ga Mayu, 1928, ya ja taragai daga Landan zuwa Edinburgh, mil 392, bai tsaya ko'ina ba. Dabarar da aka yi ita ce siririyar hanya a cikin taragon kwal ɗinsa, ta yadda sabon direba da mai zuba kwal za su ratso su karɓi aiki jirgi na tafe. A Nuwamban 1934 kuma ya zama kan jirgin tururi na farko a Birtaniya da aka tabbatar a hukumance ya yi gudun mil 100 a awa ɗaya.

Wani ɗan kasuwa, Alan Pegler, shi ya cece shi da fam 3,000. Ya gyara shi, ya riƙa ɗaukar masu yawon buɗe ido, sai a 1969 ya haye da shi Amurka. Da farko abin ya yi armashi, daga baya jari ya karye, Pegler ya rasa dukiyarsa, jirgin ya maƙale a can ƙarƙashin barazanar masu bin bashi. Ban ga laifin mutumin ba ko kaɗan. Da bai sa hannu a aljihu ba a 1963, da babu abin da za a yi magana a kai yau. Wani ɗan kasuwan, William McAlpine, shi ne ya biya bashin, ya dawo da shi gida a 1973. A hannunsa ne ya je Ostiraliya, inda a 1989 ya yi mil 422 ba tsayawa. Ɗan kasuwa Tony Marchington, wanda ya saye shi a 1996, shi ma ya sha wuyar ɗawainiyarsa.

A 2004 gidan tarihin jiragen ƙasa na York ya saye shi kan fam miliyan 2.3, da gudummawar jama'a a ciki. Nan ne aka ga ashe sayen ne mai sauƙi. Garambawul ɗin da aka fara a 2006 ya ja har 2016, ya laƙume sama da fam miliyan 4, saboda ana buɗe ciki ana tarar da tsagewar da ba a zata ba. Wasu sun ce ɓarna ce, tunda an sauya tukunyar ruwan da sassa da yawa, kaɗan ne ya rage daga ƙirar 1923. Ni dai ina tare da waɗanda suka dage a bar shi yana tafiya, domin kan jirgi na aiki ko a zamaninsa haka ake musanya masa kaya.

Ya dawo layi da koren fenti da lamba 60103, kuma a 2023 aka yi masa bikin cika shekara 100 yana jan fasinjoji.