Kafin a ɗebi jininka da sunan bincike

A ƙasan babban kwazazzabon Grand Canyon, a jihar Arizona ta Amurka, akwai wata ƙaramar ƙabila ta 'yan asalin ƙasar da ake kira Havasupai. Ciwon suga ya addabe su, shi ya sa a 1990 suka yarda masana daga Jami'ar Jihar Arizona su ɗebi jininsu, ko a gano musabbabin ciwon. Sai a 2003 suka gane ashe jinin nan ya yi yawo. An yi binciken taɓin hankali da shi, an yi na auren zumunta, an kuma yi na asalin ƙabilar, wanda ya danganta kakanninsu da Asiya, alhali tarihin da suka gada ya ce a kwazazzabon suka samo asali. Suka kai ƙara. A 2010 aka sasanta: hukumar jami'ar ta biya mutum 41 dala 700,000, ta kuma mayar musu da ragowar jinin.

Ɓarakar daga takardar amincewa ta faro. A baki an ce ciwon suga, a rubuce kuma an yi wa maganar faɗi har ta haɗa da cututtukan jiki da na ɗabi'a gaba ɗaya, ga shi da Turanci. Mutum ya sa hannu a kan abin da ya ji da kunne, mai bincike ya kama abin da ke takarda.

Irin wannan ne ya sa 'yan asalin ƙasashe da dama suka tsara nasu sharuɗɗan. Ƙabilar Navajo ta Amurka ta dakatar da binciken ƙwayoyin halitta a yankinta a 2002. A Kanada, tun 1998 'yan asalin ƙasar suka kafa ginshiƙai huɗu: bayanan lafiyarsu mallakarsu ne, su ke da ta cewa a kansu, suna da damar dubawa, kuma a hannunsu za a ajiye. Mutanen San na Afirka ta Kudu ma sun fitar da nasu kundin a 2017.

Mu a nan ba baƙon zance ba ne. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a wani gwaji da ya shafi yara 200. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba, kamfanin ya musanta laifi, aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Tabon abin yana cikin dalilan da suka sa aka guje wa rigakafin shan-inna a 2003. A 2007 Najeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya, kuma dole kowane bincike ya sami izinin kwamitin kula da ɗa'ar bincike kafin a taɓa kowa.

To idan masu bincike sun sauka a unguwarku, tambaya ta farko ita ce: wannan magani ne ko bincike? Farar riga tana ruɗar mutane. Mai magani lafiyarka kaɗai yake nema, mai bincike kuwa amsar wata tambaya yake nema, wataƙila ma ta hanyar ƙuri'a za a zaɓi maganin da za a ba ka.

Sannan a nemi a karanta takardar da Hausa, daga farko har ƙarshe. Wanda bai iya karatu ba zai iya dangwala yatsa, amma sai a gaban shaida wanda ba ya cikin tawagar. Izinin mai unguwa ko dagaci yana buɗe ƙofar gari ne kawai, ba ya maye gurbin yardar kowane mutum. Haka yardar maigida ba ita ce yardar uwargida ba. Yaro kuwa iyayensa ke amincewa, in ya yi wayo a tambaye shi shi ma.

Wurin da aka fi yin sake shi ne makomar jinin. Nawa za a ɗiba? Ƙaramin cokalin shayi mililita 5 ne, sai a kwatanta da shi. A wane ɗakin gwaji za a ajiye, na shekara nawa? Za a fitar da shi waje? In wani binciken ya taso gobe, za a dawo a nemi izini, ko sa hannun yau ya wadatar? Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce ta cinye Havasupai. Ana iya cewa an yarda da binciken yau, ba a yarda a adana jinin ba, kuma a tabbata an rubuta hakan.

A tambayi wa zai ɗauki nauyin jinya in maganin ya yi illa, da yadda sakamako zai dawo wa gari. Kuɗin mota da na ɓata lokaci ba laifi ba ne, amma kuɗin da ya kai ya rufe wa talaka ido abin tuhuma ne. Wanda ya ƙi shiga, ko ya fita ana tsaka da bincike, ba a hana shi magani a asibiti. Kafin a tashi, kowa ya karɓi kwafin takardarsa, ya duba cewa akwai sunan kwamitin da ya ba da izini da lambar wayar da za a kai ƙorafi.