Aikin Tawagar Ma'aikatan Jinya a Gaggawar Tiyatar Zuciya

Aikin tawagar ma'aikatan jinya a gaggawar tiyatar zuciya shi ne tsarin da nas-nas ke bi, tare da likitocin fiɗa, likitocin sa barci da masu sarrafa na'urar zuciya da huhu, idan ran majinyaci ya shiga haɗari kafin tiyata, ko ana cikinta, ko a kwanakin farko bayan an gama. Haɗurran da aka fi gamuwa da su su ne zubar jini mai yawa, taruwar jini a jakar zuciya har ya matse ta, rikicewar bugun zuciya, da tsayawarta ɗungurungum. Likitan da ya yi aikin ba ya kwana a gefen gado, nas ce ke wurin. Shi ya sa mintunan farko na kowace gaggawa suke hannun ma'aikatan jinya, kuma yawancin ƙa'idojin fannin an rubuta su ne domin kowa ya san aikinsa tun kafin abin ya faru.

Tarihi

Kafin ƙarshen ƙarni na 19 likitoci da yawa na ganin zuciya ba wurin sa wuƙa ba ce. A 1896 Ludwig Rehn ya ɗinke raunin sukar wuƙa a zuciyar wani matashi a birnin Frankfurt na Jamus, kuma matashin ya rayu. A 1947 Claude Beck ya farfaɗo da zuciyar wani yaro ɗan shekara 14 da girgizar lantarki a Cleveland ta Amurka, ƙirjinsa a buɗe. Ranar 6 ga Mayun 1953 John Gibbon ya toshe wata kafa a cikin zuciyar wata budurwa 'yar shekara 18 a Filadelfiya, da taimakon na'urar da ke karɓar aikin zuciya da huhu. Daga nan ne tiyatar zuciya ta zama aikin taron mutane, domin wani sai ya kula da na'ura, wani da numfashi, wata da kayan aiki, wata da jini.

Babban sauyi ga ma'aikatan jinya ya zo ne a farkon shekarun 1960. A 1960 Kouwenhoven, Jude da Knickerbocker na asibitin Johns Hopkins suka nuna cewa danna ƙirji daga waje na iya tura jini ba sai an tsaga mutum ba. A wajajen 1962 zuwa 1963 aka fara buɗe ɗakuna na musamman don masu ciwon zuciya, daga ciki akwai na Hughes Day a jihar Kansas da na Lawrence Meltzer a Filadelfiya. Nan da nan aka gane cewa allon da ke nuna bugun zuciya ba shi da amfani in wadda ke kallonsa sai ta jira likita ya zo daga wani gini. Meltzer da ma'aikaciyar jinya Rose Pinneo suka horar da nas-nas su karanta zanen bugun zuciya, su kuma girgiza ta da lantarki da kansu. A wancan zamani ba ƙaramin abu ba ne a bar nas ta yanke irin wannan shawara, kuma a kan wannan tushe aka gina duk abin da ya biyo baya.

Bayan René Favaloro ya inganta tiyatar yi wa jijiyoyin zuciya sabuwar hanya a Cleveland a 1967, masu shiga tiyatar suka yawaita, ɗakunan kulawa ta musamman suka bunƙasa. Sai a 2009 ƙungiyar likitocin tiyatar zuciya da ƙirji ta Turai ta fitar da ƙa'ida ta daban kan farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya bayan tiyata, takwararta ta Amurka ta fitar da tata a 2017.

Cikin ɗakin tiyata

Nas biyu ne ginshiƙi. Ta farko ita ce mai miƙa kayan aiki, wadda ta wanke hannu ta sa riga da safar hannu masu tsabta. Ta biyu ita ce mai kai-komo, wadda ba ta taɓa filin tiyata, amma ita ke buɗo kaya, kiran ɗakin ajiyar jini, rubuta lokuta, da haɗa na'urar girgiza zuciya.

Ƙwararriyar mai miƙa kaya ba ta kwashe teburinta don an raba majinyaci da na'urar zuciya da huhu. Tana barin bututan, zaren ɗinki da maƙalan matse jijiya a shirye har sai an rufe ƙirji, domin zuciya na iya gazawa a koma kan na'ura cikin 'yan mintuna. Komawar kuwa tana da sharaɗi. Kafin a ɗora mutum a na'urar ana ba shi maganin hana daskarewar jini mai suna hefarin, yawanci awo 300 zuwa 400 a kowane kilo na nauyinsa, sannan a gwada jinin a tabbatar ya ɗauki fiye da daƙiƙa 400 zuwa 480 kafin ya daskare. Bayan an sauke shi ana warware hefarin da furotamin, kusan miligiram 1 ga kowane awo 100. In aka koma kan na'ura bayan furotamin ba tare da sabon hefarin ba, jini zai daskare a cikin bututai, kuma wannan kuskure ne mai kisa. Shi ya sa ake faɗin sunan maganin da ƙarfi, wanda ya ba da shi ya maimaita, mai na'ura ya amsa. Furotamin kansa ana ba da shi a hankali, domin gaggawa da shi na kayar da matsin jini.

Ƙirgen auduga, allurai da kayan aiki ba ya faɗuwa don ana sauri. In gaggawar ta hana ƙirge na farko, ana ɗaukar hoton ƙirji kafin majinyaci ya bar ɗakin. In aka bar auduga a ciki da gangan don tsayar da jini, ana rubuta adadinta a faɗa wa masu karɓarsa.

Wasu majinyata gaggawa ce ke kawo su tun farko. Misali shi ne tsagewar bangon babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, wadda aka daɗe ana ƙiyasta cewa haɗarin mutuwa a cikinta na ƙaruwa da kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari a kowace awa ta farko in ba a yi aiki ba.

Sa ido bayan tiyata

A ɗakin kulawa ta musamman nas ɗaya ce ga majinyaci ɗaya a sa'o'in farko. Tana duba jinin da ke tsiyayowa ta bututan da aka bari a ƙirji don fitar da jini, da farko duk minti 15 ko 30, daga baya duk awa. Asibitoci sun bambanta a kan iyakar da za a kira likita, amma da yawa na ɗaukar mililita 400 zuwa 500 a awa ta farko, ko fiye da 200 a kowace awa na sa'o'i a jere, a matsayin dalilin tunanin komawa tiyata. Launin jinin ma abin lura ne: ja jawur mai ɗumi da ke cika bututu nan take ya fi kama da ɗinkin da ya saki. Jini mai ruwa-ruwa da ba ya daskarewa kuwa ya fi nuna cewa matsalar a jinin take, saboda sanyin jiki, ragowar hefarin, ƙarancin kalsiyam ko ƙarancin ƙwayoyin da ke tsayar da jini. Maganin kowanne daban ne.

Abin da ya fi ruɗin sabuwar nas shi ne bututun da ke zuba sosai sai ya tsaya cak. Ba lalle ne jinin ya tsaya ba. Sau da yawa gudan jini ne ya toshe bututun, jinin na taruwa a bayan ƙashin ƙirji yana matse zuciya har ta kasa cika. Alamun su ne bugun zuciya na ƙaruwa, matsin jini na sauka, matsin manyan jijiyoyin wuya na hawa, hannu da ƙafa na sanyi, fitsari ya ragu ƙasa da rabin mililita a kowane kilo cikin awa, ana ta ƙara magungunan ɗaga matsin jini ba sa kamawa. Babu ɗaya daga cikinsu da ta isa hujja ita kaɗai. Haɗa su wuri guda da kiran likita da wuri shi ne gwanintar aikin. Ana kuma riƙe sinadarin fotasiyam na jini tsakanin milimol 4 zuwa 5 a kowace lita da gyara sinadarin maganiziyam, domin ƙarancinsu na jawo rikicewar bugu.

Idan zuciya ta tsaya

Farfaɗowar nan ta sha bamban da wadda ake koya wa kowa. Majinyacin na haɗe da na'urorin sa ido, don haka ana ganin tsayawar nan take: zanen matsin jini ya miƙe, kuma ba a ɓata lokaci wajen lalubar bugu a wuya. Nas ta gefen gado ta kira taimako da babbar murya, sannan a dubi irin bugun da ke allo.

In zuciya na karkarwa ne ba ta harba jini, ana girgiza ta da lantarki har sau 3 a jere kafin a fara danna ƙirji, muddin na'urar za ta samu cikin minti 1. Dalili biyu ne: girgizar farko ta fi kamawa in aka yi ta nan da nan, kuma danna ƙashin da aka tsaga aka ɗaure da waya na iya yaga zuciya ko sabbin jijiyoyin da aka dasa. In uku ba su yi ba, a fara dannawa, a ba da maganin daidaita bugun zuciya mai suna amiyodaron, miligiram 300. In zuciyar ta yi shiru ne ko bugun ya yi ƙasa ƙwarai, sai a haɗa siraran wayoyin da likita ya bari a jikin zuciya da na'urar daidaita bugu, a sa ta bugu 80 zuwa 100 a minti da cikakken ƙarfi. In kuwa allo na nuna bugu amma jini ba ya tafiya, kuma na'urar daidaita bugun na kunne, sai a kashe ta na ɗan lokaci, domin tana iya ɓoye karkarwar zuciya a ƙarƙashinta.

Ana danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, ana kallon allo a ga matsin jini na sama ya wuce 60. In bai kai ba duk da dannawa mai kyau, to zuciyar babu jini a cikinta ko a matse take, kuma dannawa daga waje ba za ta yi komai ba. Ƙa'idar ita ce a sake buɗe ƙirji cikin minti 5, a kan gadon, ba a jira ɗakin tiyata ba. Ana bin wannan har rana ta 10 bayan tiyata. Bayan nan babban likita ne ke yanke shawara.

An raba aikin gida shida. Akwai mai danna ƙirji. Akwai mai kula da numfashi, wanda ke mai da oksijin kashi 100, ya cire majinyaci daga injin numfashi ya koma matsa jaka da hannu, ya saurari huhu biyu don kada iska ce ta taru ta matse ɗaya. Akwai mai na'urar girgiza da ta daidaita bugu. Akwai mai magunguna, wadda ke tsayar da duk ruwan maganin da ke shiga jiki, tunda kuskuren magani na iya zama sanadin tsayawar. Akwai shugaban tawaga, wanda ba ya sa hannu a komai domin idonsa ya kasance kan kowa. Ta shida ita ce mai tsara ɗaki, yawanci babbar nas, wadda ke kawo kayan buɗe ƙirji, ta kira likitan fiɗa, ta kuma tabbatar sauran majinyata ba su rasa mai kula da su ba. Ban da waɗannan, mutum biyu na sa riga da safar hannu tun daga kiran farko, ba sa jira a ga ko za a buƙace su.

Kayan buɗe ƙirji na gaggawa biyar ne kacal: wuƙar tiyata, abin yanke waya, babban maƙalin jan waya, abin buɗa ƙashin ƙirji, da bututun zuƙe jini. An taƙaita su ne da gangan, domin babban tire mai kaya barkatai na cinye mintuna wajen nema. Ana shimfiɗa mayafi mai tsabta, a bi tsagar da wuƙa har kan wayoyi, mutum ɗaya na yankewa ɗaya na zarewa, a zuƙe jini da gudaji, a buɗa ƙashin. Sau da yawa wannan kaɗai ke dawo da bugu in matsewa ce. In bai dawo ba, sai a matsa zuciyar da tafin hannu biyu, yatsu a miƙe, ba tare da ɗaga ƙarshenta ba, musamman ga wanda aka sauya wa murfin da ke tsakanin ɗakunan hagu na zuciya, domin bayan zuciyar na iya fashewa. Dole a kiyaye jijiyar da aka ɗauko daga bangon ƙirji aka dasa, don yatsa ɗaya na iya tsinke ta. Girgiza daga ciki ana yin ta da ƙarfin lantarki na jul 20.

Ba a ba da cikakken awon adiranalin, maganin da ke zaburar da zuciya da ɗaga matsin jini, kai tsaye sai da umarnin babban likita, domin in bugu ya dawo matsin jini na iya haurawa ya ɓalle ɗinki.

Magana tsakanin tawaga

Umarni a gaggawa ana kiran sunan wanda zai yi shi, shi kuma ya maimaita, ya sake faɗa in ya gama. Umarnin da aka jefa a iska ba mai ɗauka. Ƙaramar nas na da haƙƙin tsayar da aiki in ta ga kuskure, kuma tawagar da ƙananan cikinta ke tsoron magana tana cikin haɗari komai ƙwarewar manyanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin binciken tsaron tiyata a 2008, kuma nazarin da aka buga a 2009 a asibitoci 8 ya nuna mace-mace sun sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari. A 2007 asibitin yara na Great Ormond Street da ke Landan ya wallafa yadda ya gyara miƙa majinyaci daga tiyata zuwa ɗakin kulawa, bayan ya koyi tsari daga masu sauya tayar motocin tsere da matuƙan jirgin sama: a haɗa na'urori tukuna, sannan a yi bayani, mutum ɗaya na magana.

Nauyin aikin

Gaggawa ba ta san ƙarshen aiki ba, kuma nas-nas kan wuce lokacin tashinsu har sai majinyaci ya daidaita. Sadaukarwa dai ba ta maye gurbin yawan ma'aikata: nazarin Linda Aiken na 2002 ya gano cewa duk ƙarin majinyaci ɗaya a kan nas na tafiya da ƙarin kashi 7 cikin ɗari na haɗarin mutuwa cikin kwana 30 bayan an kwantar da majinyaci a asibiti. Ana ba da shawarar atisaye a kan mutum-mutumi a kai a kai, da ɗan zama bayan kowace gaggawa don a duba abin da ya gudana a kuma saurari waɗanda abin ya taɓa.

Wuraren saɓani

Ana jayayya kan tatsar bututan ƙirji da hannu don hana toshewa. Asibitoci da dama sun hana ja da ƙarfi. Ko nas da aka horar za ta iya buɗe ƙirji kafin likita ya iso, wannan ya danganta da dokar ƙasa da ta asibiti. Barin dangi a ɗaki yayin farfaɗowa karɓaɓɓe ne a wasu wurare, amma ba kasafai ake yarda da shi ba in za a buɗe ƙirji.