Mece ce "fakto" da yara ke dawowa da ita daga makaranta?

Wata uwa a ƙauyenmu da ke kusa da Ringim ta tare ni bayan an tashi daga makaranta, ta ce, "Malam, wai mece ce wannan fakto da yaron nan ke ta faɗa?" Na ce mata, "Inna, ai kullum kina yinta a tsakar gida."

Fakto ita ce lambar da ke raba wata lamba daidai, ba saura. In kina da ƙuli-ƙuli 12, yara 3 za su samu hurhuɗu, ba abin da ya rage, to 3 fakto ce ta 12. Yara 5 kuwa za su samu bibbiyu, a bar guda 2 ana ta gardama a kai, don haka 5 ba ta ciki.

Ni ba na son a fara da hadda a allo. Ina sa 'yan aji huɗu su tsinto tsakuwa 12, mu zauna gindin darbejiya, in ce su jera su sahu-sahu kamar masallata, kada wani sahu ya fi wani. Wata ta yi sahu 2 na shida-shida, wani 3 na hurhuɗu, wani ya miƙe su duka layi ɗaya. Nan suke gano da kansu cewa faktoci tagwaye suke zuwa: 1 da 12, 2 da 6, 3 da 4. Da aka zo kan 4, sai a ga an riga an same ta tare da 3, nema ya ƙare ke nan.

Sai in ba su tsakuwa 7. Su juya, su juya, sahu ya ƙi daidaita sai layi ɗaya. Irin su 7, 11 da 13 ba mai raba su sai 1 da su kansu.

Inda yara suka fi tuntuɓe shi ne haɗa fakto da ninki. Ninkin 12 gaba yake yi, 24, 36, 48, ba iyaka. Fakto ba ta taɓa wuce lambar.

Malaman rabon gado sun daɗe da wannan ilimi. In matar mamaci na da tumuni (kashi ɗaya cikin takwas), uwa na da sudusi (kashi ɗaya cikin shida), sukan kafa lissafin a kan 24, domin 8 da 6 duk suna raba ta: mata ta ɗauki 3, uwa 4. Da na kawo wannan, Inna ta gyaɗa kai, ta ce haka liman ya yi lokacin rabon gonar mahaifinsu.