Mararaba fa ba cikin Abuja take ba

Jama'a da yawa sun dauka Mararaba unguwa ce a Abuja, kuma ba laifinsu bane tunda gidaje sun hade da Nyanya. Amma gaskiya tana karamar hukumar Karu ne a jihar Nasarawa, wadda aka cire daga Filato a 1996. Nyanya ce ke cikin Abuja. Mararaba ta cika ne bayan gwamnatin tarayya ta taso daga Legas zuwa Abuja a 1991, tsadar haya ta koro ma'aikata nan, kullum da asuba suna tururuwa cikin gari aiki.

In zaka sayi fili ka duba takardar da kyau wace jiha ta bayar, ko ka duba katin zaben mazaunin wajen. Dan Allah a tura ma 'yan uwa su gani.