Waiwaye: daga ina 'yan agajin ƙauyukanmu suka samo asali?

Tun daren 15 ga Oktoba 2024 da tankar mai ta kama da wuta a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a jihar Jigawa, mutum sama da 150 suka rasu, Allah Ya ji ƙansu, nake ta tunanin abu ɗaya. A karkara in irin wannan ta faru, kafin a kai mutum asibitin Ringim ko na Haɗeja, hannun wa yake fara shiga? Na maƙwabta ne, sai kuma yaran nan masu kaki da usur da muke ce wa 'yan agaji.

To shi taimakon nan dama can muna da shi. Kakanninmu da gayya suka tashi, in gobara ta kama danga ko rumbu kururuwa ɗaya ce kowa ya fito da tulu, in yaro ya faɗa rijiya akwai waɗanda aka sani da shiga, karaya a kai wa mai ɗori, haihuwa a kira ungozoma, wanda ruwa ya ci kuwa sarkin ruwa ne da masuntansa za su nemo shi. Ba kaki, ba rajista, amma kowa ya san aikinsa.

Agaji irin na ƙungiya kuma tushensa Turai. A 1859 wani ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Henry Dunant ya tarar da dubban sojoji yashe a filin yaƙin Solferino a Italiya ba mai kula da su, ya tara matan garuruwan kusa suka yi ta jinya, daga nan aka kafa Red Cross a Jeniba a 1863. Ta Najeriya ta samu dokar kanta a 1960. Sai dai mu a ƙauye gaskiya ba ta wannan ƙofar agaji ya shigo mana ba, ta ƙofar masallaci ya shigo. Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a Kaduna a 1962 zamanin Sardauna, da Fityanul Islam ta mutanen ɗariƙa da ta taso a Kano, sai Izala da Sheikh Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978, kowacce ta yi rundunar agajinta, kuma su ne suka ratsa har ƙauyen da ko kwalta ba ta kai ba. Shi ya sa yau da wuya ka je masallacin Juma'a ko filin idi ko wurin tafsiri ko mauludi ba ka gan su ba, suna gyara sahu, suna tare hanya, suna raba maza da mata, in an yi rasuwa su ne a maƙabarta da diga da shebur tun kafin a fito da makara. Kuma ba albashi fa, kakin ma yawanci da kuɗinsa mutum yake ɗinkawa.

An sha gwada mu a yankin nan. Sanƙarau na 1996 da ya kashe dubban mutane a Arewa, jirgin ruwan da ya kife a dam ɗin Watari a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 da ɗaliban Islamiyya a ciki, ambaliyar 2022 da ta shafe gonaki da gidaje a Ringim da Auyo da Miga. Duk irinsu kafin hukuma ta iso mutanen gari ne a wurin.

Abin da ke damuna shi ne, tun da ta wajen taro aka raini agajinmu, sai horon ya fi karkata ga fareti da tsaron taro, shi kuwa ainihin taimakon gaggawar aka bar shi a baya. Da idona na gani ranar kasuwarmu, a-kori-kura ta buge mai babur. Wani ɗan agaji, yaro ne da bai fi ashirin ba, wallahi ya yi ƙoƙari, ya kore jama'a, ya cire rigarsa ya danne inda jini ke zuba. Amma da aka buɗe akwatinsu, auduga ce kawai da kwalbar aidin, ko safar hannu babu. Kafin ya waiga wasu sun sheƙa wa mutumin ruwa, sun ɗauke shi hannu da ƙafa wuyansa na lilo sun jefa a mota. Ba mugunta ba ce, ba a koya musu ba ne cewa wanda ake zargin ya bugu a wuya ko baya ba a ɗaga shi haka, wanda ya suma ba a ɗura masa madara, ƙuna kuma ruwa mai tsafta ake ta kwarara mata kamar minti 20, ba man goge baki ko ƙwai ba.

Sai maganar mata, ita ma tana ci min rai. A ƙauyenmu ba mace ko ɗaya da ta samu wannan horo, alhali yawancin ƙunar yara a madafa take faruwa, a gaban uwa.

Na yi maganar da shugaban agajin garinmu, na ce Malam ko kwana uku ne a nemo ma'aikacin asibiti ya koya wa yaran nan da wasu matan aure, a riƙa ware wani abu daga taimakon Juma'a ana sayen bandeji da safar hannu. Ya ce zai kai wa mai gari da liman, in an gama girbi a zauna.