Tantin Kowane Yanayi

Tantin kowane yanayi nau'in tanti ne da masu hawan duwatsu da masu doguwar tafiyar ƙafa a jeji ke goyawa a baya, wanda aka ƙera don jure iska mai ƙarfi da nauyin dusar ƙanƙara. Ƙarfi ne ya bambanta shi da sauran tantuna. Ɗumin da yake ƙarawa bai taka kara ya karya ba, domin wannan aikin jakar barci ne da shimfiɗa.

Tarihi

Galibi ana danganta asalinsa da Edward Whymper ɗan ƙasar Ingila, jagoran ayarin da ya fara kaiwa ƙololuwar dutsen Matterhorn, da ke kan iyakar Suwizalan da Italiya, a 1865. Wajajen 1862 ya tsara tanti mai sanduna huɗu, biyu-biyu a gicciye a kowane gefe, da shimfiɗar ƙasa da ruwa ba ya ratsawa. Nauyinsa ya kai kusan kilo 10, amma masu hawan duwatsu sun shafe shekaru da dama suna amfani da wannan tsari. A ƙarshen shekarun 1880, Albert Mummery, wani mai hawan duwatsu ɗan Ingila, ya fito da ƙaramin tanti na siliki wanda ake tokarewa da gatarin saran ƙanƙara maimakon sanduna.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu nailan ya soma maye gurbin auduga, alminiyum kuma ya kori katako. A ƙasar Suwidin, kamfanin Hilleberg da aka kafa a 1971 ya fitar a 1973 da tanti mai rufin ciki da na waje a haɗe, ta yadda ake kafa su lokaci guda ba tare da ciki ya jiƙe ba. A 1975 kamfanin The North Face na Amurka ya ƙera tanti mai suna Oval Intention, mai siffar ƙubba, bisa dabarun gini na Buckminster Fuller, mai tsara gine-gine ɗan Amurka. Sandunansa suna giftawa juna a wurare da yawa, sai nauyi ya rarrabu a kansu.

Ƙira da zaɓe

Siffofi biyu ne suka fi yawa. Mai ƙubba yana tsayawa da kansa kuma ya fi ɗaukar dusar ƙanƙara, sai dai yana da nauyi. Mai siffar rami mai tsawo ya fi fili idan aka kwatanta da nauyinsa, amma dole a ɗaure shi da turaku, a kuma juya ƙarshensa ga iska.

Tanti mai rufi ɗaya ya fi sauƙin ɗauka. Matsalarsa tururin numfashi da ke taruwa a jikin yadi, ya daskare da dare, ya zubo wa mai barci. Mai rufi biyu yana rage wannan, musamman idan yana da kafofin iska a sama waɗanda dusar ƙanƙara ba za ta toshe ba. Ana kuma duba zauren ajiye kaya, da yawan igiyoyin ɗauri, da zif ɗin da za a iya ja da safar hannu.

Girki a cikin rufaffen tanti yana iya kisa saboda tarin iskar guba ta kabon monoksaid.

Saɓani

Ana saɓani kan dacewarsa da lokacin zafi, saboda ƙarancin ragar shan iska da kuma nauyinsa. Matafiya da yawa sukan mallaki tanti biyu.