Sunan yanka, sunan rana da sunan takarda a zangon Kumasi

Tambaya: Sunan rana namu ne, ko daga Asantawa muka aro?

Amsa: Kowa da nasa. Bahaushe ya iso Kumasi da nasa tun zamanin fataucin goro: Ɗanladi da Ladi na Lahadi, Balarabe da Larai na Laraba, Ɗanlami da Lami na Alhamis, Ɗanjuma da Jummai na Juma'a, Ɗan'asabe da Asabe na Asabar. Asantawa kuwa suna da Yaw da Yaa na Alhamis, Kofi da Afua na Juma'a, Kwame da Ama na Asabar. Inda aka rabu shi ne matsayi. A wurinsu da 'yan'uwansu ƙabilun Akan suna ne cikakke, da shi duniya ta san Kwame Nkrumah da Kofi Annan. A wurinmu laƙabi ne kawai. Sunan gaskiya shi ne wanda aka raɗa a rana ta bakwai, aka yanka rago, wanzami ya yi aski.

Tambaya: Me ya sa laƙabi ke danne sunan yanka?

Amsa: Alkunya ce babban dalili. Uwa ba ta ambaton sunan ɗan fari, kuma yaron da ya ci sunan kaka ba a kiransa gatsau a gaban manya, sai a ce Abba ko Baba, mace a ce Inna ko Uwa. Wasu laƙabin kuma labarin gida suke bayarwa. Tanko namiji ne da ya biyo mata, Kande mace ce da ta biyo maza, Gambo mai bin tagwaye ne, wanda Asantawa ke kira Tawia. Mai wabi takan kira ɗanta Bawa don kada mutuwa ta yi sha'awarsa, su ma Donkor ɗinsu ma'anarsa bawa, dalilin kuma ɗaya.

Tambaya: Dole ne amarya ta koma amsa sunan miji?

Amsa: A'a. A Musulunci mace tana nan da sunan mahaifinta har kabari, dokar Gana ma ba ta tilasta mata ba. Al'adar Turawa ce da ta shigo ta auren coci da na kotu. Mai son canzawa sai ta yi takardar rantsuwa, a buga a Gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, sannan ta bi katin ɗan ƙasa, fasfo da banki ɗaya bayan ɗaya. Idan auren ya mutu, wannan wahalar za a sake tun daga farko. Abin bai cancanci wahalar ba.

Tambaya: Ɗaurin aure a masallaci ya wadatar?

Amsa: Ga addini ya wadatar, muddin akwai waliyyi, shaidu biyu, sadaki da siga. Lefe da goron gaisuwa al'ada ce, rashinsu ba ya ɓata aure. Ga hukuma kuwa da saura. Dokar auren Musulmi ta 1907 ta ce a yi rajista cikin mako ɗaya, da ango, waliyyin amarya, shaidu biyu da limami mai lasisi. Yawancin gidaje ba sa yi, sai an zo rabon gado ko neman biza ake cizon yatsa. A kula: auren kotu na mace ɗaya ne, wanda ya yi shi ya ƙara aure ya karya doka. Dokar yara ta 1998 kuma ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure.

Tambaya: Bahaushe ya auri Ba'asantiya, 'ya'yan na wane gida ne?

Amsa: Gida biyu za su ce nasu ne, domin Asantawa ta uwa suke lissafin dangi, mu ta uba. Da Ba'asante ne ya auri Bahaushiya, sai lissafin ya juye, kowane gida ya ga na ɗayan ne. Gara a zauna tun kafin suna.

Tambaya: Wane suna za a sa a takardar haihuwa?

Amsa: Sunan yanka, sai na uba, da rubutu iri ɗaya a ko'ina. Husaini a makaranta, Fuseini a katin ɗan ƙasa, mutum biyu ne a idon kwamfuta.